Yadda za ka tsara darussa da manufar sashenka a makarantar sakandare

Malam, in aka ɗora maka shugabancin sashe a sakandare, ko na lissafi ne ko kimiyya ko harsuna, abu na farko da firinsifal zai nema a hannunka yawanci takarda ce mai ɗauke da jerin darussan sashen da manufarsa. To a nan ne da yawanmu muke kuskure, sai mutum ya buɗe tsohon fayil ya kwafo abin da wanda ya gabace shi ya rubuta, "manufarmu ita ce samar da ɗalibai nagari masu ilimi da tarbiyya da za su amfani al'umma", ya sa hannu ya miƙa shikenan. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ka goge sunan sashen kimiyya daga saman takardar ka rubuta na tarihi, za ka ga ta zauna daram babu abin da ya motsa. Manufar da za ta iya shiga kowane sashe gaskiya ba ta faɗi komai a kan naka ba.

Ni dai abin da na tsaya a kai bayan shekarun da na yi ina riƙe alli shi ne a fara daga ƙarshe. Ka zauna ka hango yaron nan ranar da zai fita daga makarantar, yana ɗan shekara 17 ko 18, ka tambayi kanka me zai iya yi da hannunsa da bakinsa da ƙwaƙwalwarsa wanda da bai bi ta sashenka ba da ba zai iya ba. In ka samu wannan amsar, darussan da kansu za su jeru a bayanta.

Kafin mu shiga aikin, yana da kyau ka san cewa wannan rabon da ake yi wa makaranta sashe-sashe mutane ne suka zauna suka yanka shi, don haka ana iya gyara shi. A Amurka a 1892 aka kafa wani kwamiti na mutum goma ƙarƙashin Charles Eliot, shugaban jami'ar Harvard a lokacin, aka ce su duba me ya kamata a riƙa koyarwa a sakandare, suka raba aikin zuwa taruka tara, kowanne da fanninsa, akwai na Latinanci da na Girkanci da na Turanci da na sauran harsuna da lissafi da su fiziks da kemistiri da tarihi da labarin ƙasa, suka fitar da rahoto a 1893. Ka ga har harsuna biyu na mutanen zamanin da, Latinanci da Girkanci, sun samu taro nasu na kansu, yau kuwa makarantu nawa ne ke da sashen Girkanci? A Ingila tun 1951 da aka fara jarrabawar A-level yaro a shekaru biyu na ƙarshe yakan tattara hankalinsa ne a kan darussa uku kacal. Shirin IB, wato tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa da aka kafa a Janeba a 1968, shi kuma rukuni shida ya yi, harshe da adabi, harshe na biyu, nazarin mutum da al'umma, kimiyya, lissafi, sai fasahar zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, kuma yaro sai ya rubuta dogon bincike mai kai wa kalmomi 4,000. A Faransa ɗan ajin ƙarshe zama yake yi awa huɗu yana rubuta jarrabawar falsafa. Kowace ƙasa da yadda ta yanka nata, saboda kowacce da irin yaron da take son ya fito.

To yanzu aikin. Ka tara malaman sashenka, kar ka yi shi kai kaɗai a ofis, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma manufar da malami bai sa baki a rubuta ta ba ba zai shiga aji da ita ba. Ka ba kowa takarda ka ce ya rubuta abu biyar da yake son ɗalibin da ya gama ya iya yi. Ka hana su kalmomi uku: ya sani, ya fahimta, ya gane. Dalili kuwa ba a ganin fahimta da ido, ta yaya za ka tabbatar yaro ya "fahimci" wutar lantarki? Amma in aka ce ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila da makunni wuta ta kama, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ƙwai biyu da aka jera su a layi ɗaya haskensu ya ragu, wannan kowa zai gani, gani ya kori ji. Kalmomin da kake nema su ne irin su ya auna, ya lissafa, ya kwatanta, ya zana, ya gyara, ya kare ra'ayinsa, ya rubuta, ya gano kuskure.

Wannan ba sabon abu ba ne a harkar koyarwa. Benjamin Bloom da abokan aikinsa a 1956 suka jera matakan tunani guda shida, daga baya a 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka yi musu kwaskwarima suka koma tunawa, fahimta, aiki da abin, tsefe shi, yanke hukunci a kansa, sai ƙirƙira a sama. Amfanin jerin a wajenka ɗaya ne, in malamanka suka gama rubutu ka ɗauki takardun ka duba a wane mataki suka taru. Sau da yawa za ka tarar kusan duka suna ƙasa, ya lissafo kaza, ya ambaci kaza, ya ba da ma'anar kaza. Haddar nan tana da wurinta, babu mai yin kemistiri bai riƙe alamomin sinadarai a ka ba, amma in sashe gaba ɗaya ya tsaya a nan to yaro zai ci jarrabawa ya fita, bayan wata shida ka tambaye shi ka ji wayam. Ka tabbatar aƙalla biyu cikin manufofinka sun hau sama.

Sannan akwai tambayoyi huɗu na Ralph Tyler da ya kawo tun 1949, ni har yau da su nake duba kowace takarda: me muke son cimma, wane aiki yaro zai yi ya kai shi can, ta yaya za a jera ayyukan, kuma ta yaya za mu san an kai. Ka rubuta su a jikin allon ɗakin malamai ranar taron, za su hana hira ta bi wata hanya.

Bari mu bi sassan ɗaya bayan ɗaya, duk da dai kowace makaranta da yadda take haɗa su, ƙaramar makaranta za ta iya cusa lissafi da kimiyya da kwamfuta a sashe guda.

Sashen lissafi darussansa sanannu ne, ƙidaya da aljabara da jiyometiri da tirigonometiri da ƙididdiga, a manyan azuzuwa a shigo da kalkulas. Inda ake ɓata shi shi ne a ɗauka manufarsa samun amsa daidai ce kawai. Kalkuleta ma tana samun amsa. Abin da sashen nan yake bin yaro bashi shi ne ya iya ɗaukar matsala da aka faɗa masa da baki ya mayar da ita lissafi, ya bi ta mataki-mataki, ya kuma nuna wa wani dalilin da ya sa kowane mataki ya halatta. Ita kanta kalmar aljabara daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma matsalolin da ya yi ta warwarewa a ciki na rabon gado ne da awon fili da ciniki, abubuwan da mutane ke rigima a kansu kullum. Don haka ka rubuta manufa irin wannan: ɗalibi zai iya duba jadawali ko zanen ƙididdiga a jarida ya gano in ana son a ruɗe shi. Ko kuma, zai iya ƙiyasta amsa kafin ya taɓa kalkuleta, ta yadda in ta ba shi abin da hankali ba zai ɗauka ba zai tsaya ya sake dubawa. Akwai tambaya ɗaya da nake son kowane ɗan ajin ƙarshe ya amsa ba tare da inda-inda ba, abu ne aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari sannan aka rage kashi 20, ya koma yadda yake? Yara da yawa za su ce eh. Ka ce su gwada da 100, ya hau 120, a cire kashi 20 na 120 wato 24, saura 96. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya samu abin da zai bi shi har tsufa.

Sashen kimiyya kuwa a nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi samun tazara tsakanin abin da ke takarda da abin da ke faruwa a aji. Darussa uku ne ginshiƙi, fiziks da kemistiri da bayoloji, wasu makarantun su ƙara aikin gona ko nazarin ƙasa da muhalli. Kusan kowace takardar manufa za ka ga an rubuta "koyar da ɗalibai hanyar bincike ta kimiyya", amma yaro ya yi shekara uku bai taɓa auna komai da hannunsa ba, firaktikal ɗin ma a allo aka zana masa. Wallahi wannan yana ci mini rai, saboda mafi yawan gwaje-gwajen da ke gina tunanin yaro ba sa buƙatar wani tsadadden lab. Ɗauki zare mai tsawon mita ɗaya ka ɗaura ɗan ƙarfe a bakinsa ka rataye shi, ka ba yara agogo su ƙirga lilo 20, zuwa da dawowa ɗaya kenan. Za su samu wajen daƙiƙa 40, wato kowane lilo kusan daƙiƙa 2, daga nan su lissafo ƙarfin jan ƙasa su ga ya faɗo kusa da 9.8. Ka tsaya ka kalli fuskokinsu lokacin da rukuni ɗaya ya samu 9.6 wani ya samu 10.1, sai gardama ta kaure, wa ya yi daidai? Nan ne darasin yake. Sai ka tambaye su me ya sa muka ƙirga 20 ba ɗaya ba, wata yarinya ta ce saboda yatsan mai danna agogo yana makara, in aka raba makarar gida 20 sai ta zama ƙarama. Yarinyar nan ta gane kuskuren awo fiye da wanda ya haddace ma'anarsa shafi guda. To irin wannan kake son ya shiga manufa: ɗalibi zai tsara gwaji, ya canja abu ɗaya ya bar sauran yadda suke, ya rubuta abin da ya gani ko da bai yi daidai da na littafi ba, ya kuma faɗi inda kuskure zai iya shigowa.

Ka lura da wannan na "ko da bai yi daidai da na littafi ba". Yara suna da wayo, in suka gane malam amsar littafi yake ba maki sai su goge nasu su rubuta 9.8 cif. Ranar da suka fara haka sashenka ya fara koya musu ƙarya da sunan kimiyya. Ka sa a dokar sashe cewa maki yana kan gaskiyar rahoto da bayanin dalili.

A kemistiri ka nemi yaro ya ga tsari a cikin teburin sinadarai maimakon ya rera shi kamar waƙa. Labarin Mendeleev yana taimakawa sosai a nan, a 1869 ya jera sinadaran da aka sani ya bar gurabe babu kowa ya ce akwai waɗanda za a gano su cike su, har ya faɗi siffofinsu, a 1875 aka gano galiyom, a 1886 aka gano jamaniyom, suka zo kusan yadda ya faɗa. Yau sinadarai 118 ne a teburin. Yaron da ya san me ya sa sodiyom da fotasiyom suke gida ɗaya zai iya hasashen halin wanda bai taɓa karantawa ba. Kuma dole manufar sashen ta ƙunshi kiyaye lafiya a lab, a rubuce ɓaro-ɓaro, irin su asid ake zubawa cikin ruwa a hankali ba a zuba ruwa cikin asid, ba a shinshina abu kai tsaye, ba a ci ba a sha a ciki. Bayoloji kuma ka haɗa shi da jikin yaron kansa da abin da ke kewaye da shi, yadda cuta ke yaɗuwa, me allurar rigakafi ke yi, me ya sa ake cewa a ƙarasa shan maganin ƙwayoyin cuta yadda likita ya rubuta.

Sashen harsuna shi ne wanda duk sauran sassan ke hawa bayansa, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Yaron da bai iya karanta tambaya ya gane abin da ake nema ba zai faɗi fiziks ko da ya san fiziks ɗin. Darussan su ne harshen da ake koyarwa da shi, harshen gida, adabi, da wani harshe na waje in akwai malami. A cikin kowanne akwai ƙwarewa huɗu, saurare da magana da karatu da rubutu, kuma in ka duba da kyau za ka ga biyu na farko kusan an yi watsi da su saboda jarrabawa ba ta cika auna su ba. Ka dawo da su. Ka rubuta cewa kafin yaro ya gama zai tsaya gaban aji ya yi bayani na minti biyar babu karantawa daga takarda, ya kuma amsa tambaya. Ka rubuta cewa zai iya karanta shafi biyu ya taƙaita su a layi biyar da kalmominsa. A insha'i kuma abin da na ga yana aiki shi ne a rage yawan rubutun a ƙara yawan gyara, yaro ya rubuta shafi ɗaya, malam ya ja layi ƙarƙashin jimla uku kawai ya rubuta a gefe "me kake nufi a nan?", ya mayar masa ya sake. Rubutu na biyu ne ke koyarwa. In malam ya cika takarda da jan biro daga sama har ƙasa yaro makinsa kawai zai duba ya ninke ta ya jefa jaka.

Kuma don Allah kar a mayar da harshen gida ɗan bora a sashen, a ba shi firiyod na ƙarshe ranar da kowa ya gaji. Yaron da ya iya jera hujja da harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin iya jera ta da harshe na biyu. Adabi shi kuma manufarsa yaro ya shiga zuciyar wani mutum da ba shi ba, ya ga duniya ta idonsa, ya kuma iya nuna wurin da marubuci ya yi dabarar da ta sa ya ji abin da ya ji.

Sashen nazarin al'umma ya ƙunshi tarihi da jogirafi da tattalin arziki da ilimin gwamnati da zama ɗan ƙasa, wasu su sa ilimin addini a nan wasu su ba shi sashe nasa. A tarihi shekaru suna da muhimmanci don kar yaro ya sa jika ya riga kaka, amma babban abin da ake so shi ne ya iya tambayar wa ya faɗi wannan labarin, yaushe, kuma me zai samu in aka yarda da shi. Ka ba su bayani biyu masu karo da juna a kan abu ɗaya su auna. A zamanin nan da kowa ke turo wa kowa labari ta waya ban ga ƙwarewar da ta fi wannan amfani ba. A jogirafi ka sa taswira a hannunsu, mai ma'aunin 1:50,000, su gane cewa santimita 2 a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa, su auna nisa da zare, su duba layukan tudu su faɗi ta ina ruwa zai gangara in aka yi ruwan sama.

Sashen kasuwanci da sana'a da kwamfuta manufarsa ta fi sauƙin rubutawa tunda aikin hannu ne, ko ya iya ko bai iya ba. A akanta yaro ya iya shigar da ciniki gida biyu littafi ya daidaita, tsarin da Luca Pacioli ya bayyana a rubuce tun 1494 a birnin Benis kuma har yau shi ake bi. A kwamfuta kar a tsaya a haddar sassan na'ura, ya iya buɗe shafin lissafi ya sa dabara ta tara masa, ya rubuta ɗan ƙaramin shiri da zai yi aiki, ya kuma san yadda zai kare bayanansa a intanet. A kafinta ko ɗinki ko zanen gini, awo daidai da kula da kayan aiki da gama abin da aka fara.

Zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da motsa jiki su ne ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, kuma ban yarda da hakan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, yaron da ya wuni a kan benci ina zai same su? Akwai kuma yaran da in ba a ɗakin zane ko filin wasa ba babu inda wani malami ya taɓa ce musu madalla.

To bayan ka samu manufofinka, kar su wuce biyar ko shida, sai ka zo kan lokaci, nan ne buri ke haɗuwa da gaskiya. Ɗauki biro ka lissafa. In darasi yana da firiyod 5 a mako, kowanne minti 40, a makonni 36, minti 7,200 kenan, awa 120 a shekara. Wannan awa 120 ɗin ita ce ma'aunin da gidauniyar Carnegie ta kafa a Amurka a 1906 a matsayin darasi ɗaya na shekara. Amma kai ka san ba duka za ka samu ba, cire makonnin jarrabawa da na bita da ranakun hutu da taruka, abin da ya rage shi ne naka. Yanzu ka ɗora silabus a kai ka gani ko zai shiga. Yawanci ba ya shiga. Taura biyu ba ta taunuwa, dole ka zaɓi batutuwan da za a nutsa a cikinsu da waɗanda za a bi ta kansu da sauri, kuma manufofin nan da kuka rubuta su ne alƙalin zaɓin. Batun da wasu batutuwa uku ke tsaye a kansa shi ake ba lokaci. Jerome Bruner a 1960 ya kawo shawarar a riƙa dawowa kan babban batu shekara bayan shekara, kowane zagaye a ƙara zurfi, saboda haka ba sai ka juye wa ɗan aji ɗaya komai a kan ƙwayar halitta ba, za ku sake haɗuwa da ita.

Daga nan sai ka ɗauki sikim ɗinka, wato jerin batutuwan da za a koyar mako-mako, ka je wajen sauran shugabannin sassa, wannan matakin kusan kowa tsallake shi yake yi. Na taɓa shiga aji a wata makaranta da na koyar zan nuna wa yara yadda ake raba ƙarfi gida biyu a kan gangara, na cika allo da sayin da kosayin, aji ya yi tsit, na ɗauka suna bi ne. Sai wani yaro a baya ya ɗaga hannu a hankali ya ce malam mene ne kos ɗin nan? Ashe sashen lissafi sai zango na gaba za su fara tirigonometiri. Mako biyu muka yi asara, kuma wasu daga cikin yaran tun daga ranar suka yanke cewa fiziks ba nasu ba ne, abin da ya fi damuna kenan. Zama ɗaya na minti talatin da malamin lissafi kafin a buɗe makaranta da ya hana wannan. Haka malamin kemistiri yake buƙatar logaridim kafin ya taɓa pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, malamin jogirafi da na tattalin arziki suna buƙatar zanen giraf, kowa kuma yana buƙatar malamin harshe ya koya wa yara rubuta rahoto. Ku baje sikim ɗinku a tebur ɗaya ku ja layi daga inda ake koyar da abu zuwa inda ake buƙatarsa, duk layin da ya koma baya sai a gyara jeri.

Sai jarrabawa. Ɗauki takardun tambayoyin sashenka na bara ka ajiye su gefen manufofin, kowace tambaya ka rubuta lambar manufar da take aunawa. In akwai manufar da babu tambaya ko aiki ko ɗaya da ya taɓa ta, to yara za su gane ba da gaske kuke ba, domin ɗalibi abin da ake ba maki yake karantawa. Ka ce kana son su iya tsara gwaji, to a ware maki na firaktikal. Ka ce kana son su iya magana gaban mutane, a ware maki na wannan ma. Na san jarrabawar ƙarshe ta waje tana da nata buƙatun kuma ba za ka yi wasa da makomar yara ba, dole a gama silabus a yi bitar tsofaffin tambayoyi, amma gwaje-gwajen cikin zango a hannunka suke, nan kake da iko. Ko gwajin PISA da ƙungiyar OECD ta fara a 2000 tana auna 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya, abin da yake nema shi ne ko yaro zai iya aiki da abin da ya koya a yanayin da bai saba gani ba.

In kun gama, takardar kar ta wuce shafi biyu. A sama sunan sashe da jimla biyu ko uku da ke faɗin irin ɗalibin da kuke son fitarwa, sai manufofin, sai darussan aji-aji da yawan firiyod ɗinsu da abin da ya kamata yaro ya riga ya iya kafin ya shiga kowanne, sai yadda ake raba maki. Ka rubuta ta da harshen da uba ko uwa da ɗan aji ɗaya za su karanta su gane, ka gwada ta a kan ɗalibi guda, in ya kasa faɗa maka da bakinsa abin da sashen zai koya masa ka koma ka sauƙaƙa. Wannan takardar ce za ta taimaki yaro lokacin zaɓen fanni, maimakon ya bi abokinsa ko ya guji wani malami, zai ga ƙarara cewa mai son aikin injiniya ba shi da hanyar kauce wa lissafi da fiziks, mai son aikin lafiya sai da bayoloji da kemistiri, mai son shari'a ko jarida sai ya riƙe harshe da tarihi da kyau.

A makon ƙarshe na shekara, kafin kowa ya watse hutu, ka sake tara malaman. Kowa ya zo da aikin yara uku, na mai ƙoƙari da na tsaka-tsaki da na wanda ke baya, a cire sunaye a baje a tebur, a ɗauki manufa ta farko a duba ko ana ganinta a cikin takardun nan, sai ta biyu, har ƙarshe. Wadda aka gani a bar ta. Wadda ba a gani ba a tambaya shin lokaci ne bai isa ba, ko kayan aiki ne babu, ko jerin darussan ne ya karkace, a rubuta gyaran a gefen takardar da kwanan wata, sikim ɗin zango na farko na baɗi daga nan za a fara shi.